Turaren Sallah tsakanin aji, kicin da hadda

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Kwasar adashi ta zo hannu jiya, naira 300,000. Ita ce uwar kuɗin wannan zagayen gaba ɗaya, kuma ba za ta kwana jaka ɗaya da kuɗin cefane ba. Abin da nake son fitarwa kafin Ƙaramar Sallah: kwalba 75 ta turaren itacen hawi da sandal, kwalba 25 ta kajiji, sai humra idan ciniki ya shigo da wuri.

Daga Sallah ake ƙirgo kwanaki a dawo baya. Ana sa ran azumi farkon Maris, Sallah ƙarshensa. Masu sayen turare tun goman tsakiya suke fara tambaya, shi kuwa turaren itace ba ya kama jikinsa sai ya yi mako uku a rufe, in ya samu shida ya fi. Ke nan tukunyar ƙarshe dole ta sauka kafin 22 ga Fabrairu.

Lokacin da ake da shi ba shi da yawa. Makarantar da nake koyarwa tana cin safiya har ƙarfe ɗaya da rabi, aji huɗu ne mai ɗalibai 64. Yara uku suna Islamiyya daga huɗu zuwa shida, Asabar zuwa Laraba. Awa biyun nan ita ce fili, amma tuwon dare ma a cikinta yake, don haka kwana uku kawai na ware wa turare: Asabar, Lahadi da Laraba. A ranakun nan miya tun daren jiya za a yi ta. Hadda tana nan a wurinta, minti arba'in bayan asuba, sai biyawa gaban malama Asabar da Lahadi daga takwas zuwa goma. Izu ɗaya nake so kafin Sallah: Hadid, Waƙi'a da Rahman, shafi goma.

Asabar, 11 ga Janairu

Kasuwar Kurmi bayan an tashi daga karatu. Abin da aka kashe:

Hawi kilo huɗu da rabi, 40,500. Ɓarin sandal kilo ɗaya da rabi, 27,000. Kajiji kwano biyu, 8,000. Jawi da miski na cikin turare, 12,000. Madarar turare, wato tataccen man turare, lita ɗaya, kala huɗu, 70,000. Sukari kilo biyar, 9,500. Kwalaben gilashi masu murfin ƙarfe guda 100 a Sabon Gari, 45,000. Adaidaita da ɗan dako, 2,500. Jimla 214,500, saura 85,500.

Itace shi ne inda aka fi cutuwa. Akwai wanda ake fesa wa turare a baza a tire, ƙamshi ya bugi mutum tun daga bakin rumfa, alhali cikinsa itacen banza ne. Gwajinsa guda biyu ne: a tsaga ɗan guntu a sansana cikinsa, sannan a nemi garwashi a ɗora. Sandal na gaske ƙamshinsa yana tafiya da hayaƙin har ya zama toka, na jabu kuwa minti ɗaya ya ƙare sai warin itacen girki. Duk mai rumfar da ya ce ba shi da garwashi, gara a yi gaba. Wanda na saya wajensa da kansa ya miƙo kaskon ya ce, "Hajiya, ƙona ki ji, kada ki ɗauki maganata."

Madara ba a gwada ta a hanci kai tsaye daga kwalba. A ɗiga a bayan hannu, a zaga kasuwa a yi sauran sayayya, bayan awa ɗaya a sake sansanawa. Wadda aka sirka da yawa ta riga ta gudu a lokacin. Kala biyu na bari saboda haka, duk da sun fi araha da naira 1,500 a kowane mil ɗari.

Kwalbar roba ta fi sauƙi da kusan rabi, amma wata robar madara tana cinta, ta yi danƙo, ƙamshin ya juya. Ban saya ba.

Litinin zuwa Laraba, 13 zuwa 15 ga Janairu

Gyaran itace. An tankaɗe shi da rariya don fitar da gari da yashi, an tsince tsakuwa, an daddatsa manya su zo daidai da gaɓar yatsa. Ɗauraya sau ɗaya da sauri, ba jiƙo ba. Shanya a inuwa kan buhu, a rufe da tsohon mayafi mai shara-shara saboda ƙurar hunturu. Iskar nan kwana biyu ta busar da shi ƙarau. Garin da ya fita a rariya ba a zubarwa, shi ke riƙe madara a ƙasan tukunya.

Babbar yarinya ta iya tsinta, minti ashirin bayan ta gama aikin gida na makaranta. Wuta da madara dai ba hannun yaro. Miskin dutse yana kama da alewa, yana cikin akwati mai kwaɗo.

Asabar, 18 ga Janairu

Tukunya ta farko. Awo: hawi kilo ɗaya da rabi, sandal rabin kilo, sukari kilo ɗaya, ruwa rabin lita, lemon tsami ɗaya, jawi dakakke cokali shida, miski cokali biyu, madara mil 450.

Sukari da ruwa da ruwan lemon tsami suka fara hawa wuta matsakaiciya. Aikin lemon shi ne ya hana sukarin komawa gari ya yi fari-fari a jikin itace idan ya huce. Ba a yawan juyawa bayan ya narke. Wajen minti goma sha shida ya fara kauri. Gwaji: a ɗiga a kofin ruwan sanyi, idan ya dunƙule ya yi laushi kamar ƙaro a yatsa, ya yi. Idan ya narke a ruwan, da saura. Idan ya yi tauri yana ƙara kamar gilashi, an wuce.

Daga nan a rage wuta sosai a juye itacen gaba ɗaya, a yi ta juyawa da muciya har kowane guntu ya yi sheƙi, babu ruwan sukari kwance a ƙasa. Minti biyar zuwa bakwai. Sai a kashe gas ɗin kafin a taɓa wata kwalbar turare. Wannan ba abin wasa ba ne: duk turaren da ke da sinadarin fesawa a ciki kamawa yake yi da wuta nan take, ita ma madarar zalla zafin tukunya yana kore rabin ƙamshinta zuwa gidan maƙwabta.

Jawi da miski suna shiga da ɗumi, don su manne. Madara kashi uku ce: kashi ɗaya idan zafin ya sauka har hannu zai iya zama a jikin tukunya, kashi biyu washegari bayan ya yi sanyi ƙalau. Ya kwana a buɗe ƙarƙashin mayafi, sannan ya shiga fanteka mai murfi, an ɗaure bakin da leda. Duk kwana uku za a buɗe a juya daga ƙasa, saboda madara sauka take yi.

Sikeli ya nuna kilo 3.3. A giram 130 kowace kwalba, 25 ke nan. Kuɗin da ya shiga tukunyar har da kwalba, takardar liƙawa da gas ya kama 73,650, wato kusan 2,950 kowace kwalba. Farashin sayarwa 4,500. Daga gyaran itace zuwa wanke tukunya, awa biyar.

Laraba, 22 ga Janairu

Tukunya ta biyu ta ƙone. Dalili biyu ne suka haɗu. Na farko, tukunyar silba ce mai siririn gindi, zafi yana taruwa a tsakiya, sukarin can ya riga na gefe. Na biyu, girki biyu a lokaci ɗaya: shinkafa a kai ɗaya, sukari a ɗayan, saboda an taso daga taron malamai a makare. Tsakanin sukari ya yi daidai da ya ƙone bai fi minti biyu ba, kuma minti biyun nan aka yi wajen tace shinkafa. Launinsa ya wuce na zuma ya koma na shayi mai kauri. Kuskure na uku shi ne juye itacen a haka da fatan madara za ta rufe. Da aka ɗora guntu ɗaya a garwashi, ƙauri ne ya fara tashi kafin komai. Babu madarar da ke rufe ƙauri, ko lita za a zuba.

Abin da ya ceci kayan shi ne ba a kai ga zuba turare ba. An juye itacen a baho, ruwan ɗumi sau uku ana murzawa har ruwan ya daina yin ja, aka koma shanya. Asarar: sukari kilo ɗaya, gas, kwana huɗu, da wani abu daga ƙamshin sandal ɗin kansa wanda ruwan ɗumi ya tafi da shi. Wannan tukunyar ba za ta kai ta farko ba, kuma ba za a sayar da ita kuɗi ɗaya ba.

Daga yau, ranar da aka dawo gida bayan ƙarfe uku babu ɗora sukari, ko da ranar turare ce.

Asabar da Lahadi, 25 da 26 ga Janairu

Kasuwa: tukunyar dalma mai kaurin gindi 12,000, madara mil 750 a 54,000 (ta hau da naira 200 a kowane mil ɗari cikin mako biyu), takardun liƙawa 6,000, gas kilo biyar 6,500, mota 2,000. Saura naira 5,000 a uwar kuɗi.

Lahadi aka sake dafa itacen da aka wanke. Sabuwar tukunya ta fi jinkiri, minti ashirin da biyu, amma sukarin ya nuna bai ɗaya. Kilo uku ya fita, kwalba 23. An jiƙa kajiji da daddare.

Suratul Hadid ta kai aya ta 20.

Laraba, 29 ga Janairu

Kajiji. An wanke, an faffasa a turmi, an shanya Litinin zuwa Talata. Sukari kilo ɗaya, madara mil 300. Ya shiga fanteka da daddare don a samu tukunya da wuri.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Sha'aban ya kama, bukukuwan kafin azumi sun taso. Wata uwar amarya ta aiko neman kaya na bikin 22 ga wata: turaren wuta kwalba goma, farar humra shida, baƙa huɗu. Lissafi 99,000, an tsaya a 95,000. Ta so ta ƙara kulacca da turaren tsuguno. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, waɗannan ba zan iya fitar da su a mako uku ba, jarrabawa tana gabanmu." Na haɗa ta da wata mai yi.

Kafin alƙalami 60,000 ya shigo yau, saura ranar karɓa. Ba a karɓar aikin biki da ƙasa da rabin kuɗi, domin humra idan an haɗa ta da kalar ƙamshin da mutum ya zaɓa, in ya fasa sai a daɗe ana neman mai so. Turaren wutar daga tukunyar farko za a ɗiba, ranar bikin ta yi mako biyar.

Lahadi zuwa Laraba, 2 zuwa 5 ga Fabrairu

Kayan humra: miskin dutse giram 200 a 10,000, mahalab giram 100 a 3,000, farce giram 250 a 9,000, ruwan turare lita biyu 20,000, madara mil 200 a 14,400, ƙananan kwalabe 24 a 8,400. Jimla 64,800. Kuɗin mota 2,000 daga albashi ya fita, na rubuta shi bashi a kan sana'a. Mai rumfar ya ce farce ta Maiduguri da Chadi yake zuwa musu, kuma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 kuɗinsa bai sake sauka ba.

Farce shi ne aikin da ya fi cin rai. Marfin bakin dodon koɗin teku ne, yana zuwa da ragowar nama busasshe a jikinsa, kuma wannan naman shi ne ƙarnin da ke lalata baƙar humra. An jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana. Litinin aka kankare kowane ɗaya da wuƙa, ciki da baya, awa ɗaya da rabi. An wanke da omo sau biyu, an tafasa da lemon tsami, an shanya a rana. Talata aka soya a yashi mai tsabta cikin tsohon kasko, a tsakar gida, lokacin da yara suke Islamiyya, don warinsa yana kama labule da tufafi ya kwana. Idan ya kumbura ya yi haske, yana karyewa da yatsa biyu, ya soyu. Wanda ya yi baƙi ƙirin a cire, ɗaci yake sawa. Daga giram 250 abin da ya rage bayan kankara da suya giram 140 ne. Duk mai lissafin kuɗin farce da nauyin da ta saya, ta yi lissafin banza.

An daka shi ya yi laushi, an tankaɗe, an kwaɓa da madara mil ɗari, sannan ruwan turare mil 700 da ɗan mahalab. Farar humra ta fi sauƙi: miski da sauran mahalab a niƙe lilis, madara mil 200, ruwan turare mil 1,300. Kowacce a babbar kwalbar gilashi, cikin durowa inda rana ba ta gani, a girgiza safe da dare. Kwana goma sha shida za su samu. Fara ta isa, baƙa da ta samu wata guda ta fi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kajiji ya yi fumfuna. Da aka buɗe fanteka don juyawa, ƙasan murfin duk raɓa, gefe-gefe fari kamar auduga, daga ƙasa kuma har ya fara kore. Warin rima ya riga ya shiga ko'ina.

Kajiji saiwa ce, ba kamar ɓarin itace ba, tana shan ruwa har cikinta. An jiƙa ta dare guda, aka ba ta kwana ɗaya da rabi a shanya. Bayanta ya bushe saboda iskar hunturu, cikinta da danshi. Sannan aka rufe ta da sauran ɗumi a daren da aka dafa, tururin ya rasa hanyar fita ya koma ruwa. Sukari da danshi a rufe kwana goma, abin da za su haifar ke nan. An kuma tsallake juyawa sau biyu, ranakun da farce ya cinye. Da an buɗe a kwana na uku da an ga raɓar, a baza shi ya sha iska.

Gwajin da ya kamata a yi kafin dafawa: a ɗauki manya guda biyar a karya. Busasshe yana karyewa ƙas, cikinsa gari-gari. Idan ya lanƙwashe ko cikin ya yi duhu, a mayar shanya. Kwana huɗu zuwa biyar yake so, ana juyawa.

Ba a gyara mai fumfuna, hayaƙinsa shaƙa za a yi. An zubar. Kajiji 8,000, madara 21,600, sukari da gas wajen 2,900, jimla 32,500, ban da cinikin 62,500 da aka sa rai. Babu kuɗin sake wani, babu kuma ranar da za a saka shi. An cire kajiji daga wannan zagayen.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Makon jarrabawa. Darasi huɗu sau ɗalibai 64, takarda 256 ke jiran maki, ga cike sakamako a bayansu. Laraba da Lahadin da suka wuce ba a taɓa turare ba sai girgiza humra. Maki ya cinye bayan isha, barci ya cinye bayan asuba, hadda ta tsaya cak a ƙarshen Hadid kwana tara.

Tukunya ta uku yau, abbansu ya fita da yara gidan Umma tun hantsi. Komai a awonsa, kilo 3.4, kwalba 26. Da wannan an gama dafa sukari sai bayan Sallah.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

An kai kayan amarya, cikon 35,000 ya shigo. Baƙar humra sai da aka tace ta da ƙyalle mai laushi sau biyu, in ba haka ba garin farce yana toshe bakin kwalba. Na rubuta a jikin takardarta cewa tana ɓata farin kaya, a jiki ake shafawa. Ɗinkin leda da kwali, 2,500.

Alhamis, 6 ga Maris

An ba da hutun zango na biyu ranar Juma'a 28 ga Fabrairu, azumi ya kama Asabar 1 ga Maris. Jadawalin ya juye. La'asar zuwa magariba yanzu ta kicin ce, kunu da ƙosai da sauransu, babu maganar turare. Safiya daga tara zuwa sha ɗaya ita ce ta ɗura kwalabe, liƙa takarda da amsa saƙonni.

Gwajin ƙamshi ya koma bayan asham. A mazhabar Malikiyya wanda ya shaƙi hayaƙin turaren wuta da gangan har ya kai maƙogwaro sai ya rama azumin, don haka babu kunna kasko da rana ko don mai saye. Masu son ji kafin su saya ana ƙulla musu ɗan kaɗan a leda su ƙona a gida da daddare. Giram biyar ya isa, daga burbushin ƙasan fanteka.

Zafi ya fara. Kwalaben da aka ɗura sun koma ƙarƙashin gado a ɗakin da rana ba ta bugu, kwalin da aka bari kusa da taga kwana biyu madararsa ta tsattsafo ta jiƙa takarda, sai da aka sake liƙa guda shida.

Hotuna a WhatsApp sau ɗaya a rana, ƙarfe goma. Amsa saƙo sau biyu, da safe da bayan asham. Idan aka bar waya a buɗe, tambayar "nawa ne" ita kaɗai sai ta cinye tilawar yini. Tukunya ta biyu 3,800 ake sayar da ita, kuma ana gaya wa mai saye dalili: sandal ɗinta bai kai na sauran ƙarfi ba. Ita ta fi saurin tafiya.

Litinin, 17 ga Maris

Saƙon Kaduna ya isa da kwalba biyu a fashe cikin takwas. Laifin ɗauri ne: an naɗe kowacce da jarida falle ɗaya, aka jera su a kwali mai faɗi da sarari a tsakani, direba kuma ya ɗora wa kwalin buhu. An mayar wa mai kaya kuɗin biyun, 9,000.

Ɗaurin da aka koma yi: kowace kwalba a ɗaure bakin murfinta da salatif, a saka ta a leda ita kaɗai don in ta fashe kada ta ɓata 'yan'uwanta, a naɗe da jarida falle uku, a raba tsakaninsu da yankakken kwali. A cike duk wani gurbi har in an girgiza ba a jin motsi. Sama da kwalba shida, bokitin roba mai murfi ya fi kwali, a ɗora kuɗinsa a kan mai saye. Kai saƙo tasha kuma ya koma rana ɗaya a mako, Litinin da safe, duk wanda ya makara sai wani makon.

Alhamis, 27 ga Maris

Kaya sun ƙare tun jiya. Kwalba uku da farar humra ɗaya an ware su tun farko na gaisuwar Sallah, na Umma da surukai, kuma an rubuta su a littafi kamar kowane kaya. Mutum tara sun tambaya bayan ƙarewa, biyar a cikinsu kajiji suke nema. Waƙi'a ta kammala. Ɗinkin yara da cincin suka rage.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris. Lissafin zagaye:

Kayan amarya 95,000. Sauran tukunyar farko, 15 a 4,500, 67,500. Tukunya ta biyu, 23 a 3,800, 87,400. Ta uku, 21 a 4,500 bayan cire fasassu da na kyauta, 94,500. Farar humra tara, 45,000. Baƙa huɗu, 24,000. Jimlar ciniki 413,400.

Abin da aka kashe: sayayyar farko 214,500, ta biyu 80,500, kayan humra da mota 66,800, leda, kwali, kai saƙo tasha da data 9,000. Jimla 370,800. Riba 42,600. Daga cikinta 31,000 tana hannun mutane, yawanci abokan aiki masu cewa sai an yi albashi, kuma albashin Maris ya riga ya tafi a hidimar Sallah. Abin da ya rage a ɗaki: tukunyar dalma, kwalba 26 babu komai, da takardunsu.

Awannin da aka rubuta, har da kasuwa da tasha, sun kai 70. Ribar ta kama kusan naira 600 a awa. Humra ce ta ɗauke zagayen: an sa mata 66,800 ta dawo da kusan 120,000, kuma in aka cire kankarar farce ba ta cin lokaci, girgizawa ce kawai. Turaren wuta ya fi cin jari, ya fi cin yamma, shi ne kuma ke da wuta a ciki.

Hadda: Hadid da Waƙi'a sun zauna, Rahman tana aya ta 45. Ayar da ke maimaituwa sau 31 a cikinta ita ke sa a tsallake daga wannan wuri a faɗa wancan, malama ta ce a riƙa haɗa kowacce da ayar da ke gabanta ana biyawa biyu-biyu. Izun bai cika ba, saura shafi ɗaya da rabi.

Makaranta za ta koma jibi Litinin. Babbar Sallah ana sa ranta farkon Yuni, ke nan tukunyar ƙarshe ta sauka kafin 10 ga Mayu. Tukunya biyu kawai wannan karon, ɗaya hawi da sandal, ɗaya kajiji, duka ranar Asabar. Kajiji za a saya a makon nan a shanya shi kwana biyar tun rana tana da ƙarfi, kafin hadari ya fara haɗuwa iska ta yi danshi. Humra za ta tashi daga kwalba 24 zuwa 40, farce rabin kilo, a raba kankararsa yamma uku. Kwalbar turare za ta koma 5,000 idan madara ba ta sauka ba. Bashi ba zai wuce kwalba ɗaya ga mutum ɗaya ba, kuma sai wanda ya biya na baya. Aikin biki ɗaya za a karɓa, shi ma in bai faɗo a makon gwajin tsakiyar zango ba.

Gobe wanke fanteka da ruwan zafi, musamman wadda kajiji ya ruɓe a ciki, a kife ta a rana yini biyu.